Inuwar Pakde a Cikin Filashi

Bandung, farkon Mayu

Zuwa ga Bude Tarwiyah,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki, gwaggona, da maigidanki Pakde Kasiran. Yaya jikin nasa? Mas Wagiman direban bas ya ce hannun dama har yanzu bai motsa ba, amma magana ta fara fitowa. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ƙalau nake, in ban da murar da sanyin garin nan yake sa ni.

Kaset ɗin bidiyon wasan Pakde sun iso. Mas Wagiman ya miƙo mini su a tashar bas, a naɗe cikin zanenki, yana ta jaddada cewa kusa da sitiyari ya ajiye su tun daga Wonogiri, garin da ke kusa da ƙauyenku. Rabona da ke tun jana'izar kakata, yayar mahaifiyarki, ina 'yar firamare, amma kika ɗauki abu mai daraja haka kika damƙa mini. Na ji daɗi ƙwarai.

Da na karanta dabararki sai da na miƙe tsaye a ɗaki. Gaskiyarki, bikin wanke gari ba ya cika sai an yi wayang, wasan inuwa da 'yan tsanan fata, har gari ya waye, kuma tun zamanin kakan Pakde dalang, mai juya 'yan wasan yana ba da labari, daga gidanku yake fitowa. In kwamiti ya ɗauko baƙo daga birnin Solo ya zauna a bayan ƙyallen wasan nan, wurin ya bar gidanku ke nan. To, me zai hana a haska tsohon wasan Pakde a kan ƙyallensa? Muryarsa ce, hannunsa ne.

Na samu wani mai tsohon inji ya zuba mini kaset ɗin a kwamfuta. Bude, na kalla na kasa cin abinci. Lik Sarju da ya ɗauki bidiyon ya tsaya ne ta ɓangaren inuwa, don haka ba a ganin fuskar kowa, sai 'yan wasan fata suna yawo a farin ƙyalle, da muryar Pakde, can kuma ga taki tana waƙa a cikin makaɗa. Ashe haka kike? Wai a ce tun da aka ɗauka ba wanda ya kalla saboda kyamarar ta koma Malesiya da mai ita.

Kin tambaya wane irin aiki nake yi da har ba na zuwa gida. Bidiyo abu ne mai nauyi. Akwai manhajar da ake kira kodek, ita ke matse shi ya shiga ƙaramin wuri kamar yadda kike danna kaya a jaka, ita ce kuma ke warware shi lokacin kallo. A ofis muna yin sabon zubinta kusan kullum, ni kuma aikina in gwada. Na yi wa Pakde aiki da zubin wannan makon, ɗanye, ko kasuwa bai shiga ba. Dukan wasan ya shige filashi guda har da saura. Ki kai shi zauren gari a soka a akwatin da ke haɗe da majigi, ki rubuto mini yadda bakin dagacinku Pak Lurah ya buɗe.

Taki,
Kinanti

Watugilang, tsakiyar Mayu

Kinanti, Nduk,

Wa alaikumus salam, 'yata. Muna lafiya. Pakdenki yana nan, yana shan shayi, yana ture shinkafa. Gwiwata ma tana nan da halinta. Ga soyayyen tempe, wainar waken soya, da gyaɗa na ba Wagiman, ki duba kada ya ce bai gani ba. Ki riƙa sa rigar sanyi.

Bakin Pak Lurah ya buɗe, amma dariya ce ta buɗe shi. Na ci ado na tafi zauren gari da abin naki a ƙulle a bakin zane. Mutanen kwamiti suka zauna. Aka soka, aka danna. Kiɗa ya tashi tangaram, muryar Pakdenki ta cika zaure. Amma bango kore shar, babu ko inuwar sauro. Aka zare aka hura aka mayar, sai ya koma baƙi. Surukin Pak Lurah, Gunarto, ya ce: "Bude, ai wannan ci gaba ne, wayang na makafi." Har wanda bai ji abin da aka ce ba sai da ya yi dariya.

Shi Gunarton ne ke ta zumuɗin ɗan Solo. Wai yana da fitilu masu launi da 'yan barkwanci da 'yan mata mawaƙa. Ni ban ƙi yaron ba, ban ma san shi ba. Pak Lurah dai ya tausaya mini, ya ce sai zaman ƙarshen Yuni za su yanke. In abu ya fito a bango kafin nan, za su duba.

Pakdenki ya ce ba zai kalli kansa a akwati ba, shi ba gawa ba ne da za a tuna da shi. Da na dawo bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa masa ba, amma garin nan ba a ɓoye komai. Ya juya fuska bango.

Ban yi fushi ba, Nduk. Muryar nan kaɗai da na ji ta sa na dawo gida ina waƙa a hanya kamar sabuwar mahaukaciya. In murya ta iya zuwa, inuwa ma za ta iya. Na sa an kwafe miki rubutun da ke ƙasan akwatin, ko zai yi amfani.

Budenki

Bandung, ƙarshen Mayu

Bude Tarwiyah,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. A gaida Pakde, ko da bangon zai amsa. Tempe ya iso, abokan aikina sun gama da shi kafin azahar.

Na yi dariya na kuma ji kunya. Akwatin zaurenku ya girmi wannan salon matsi nesa ba kusa ba. An miƙa masa ƙulli irin wanda bai taɓa gani ba, ya kwance na sauti, na hoto ya gagare shi. Rubutun da kika aiko shi ya cece ni. Na shiga kasuwar tsofaffin kayan lantarki, na bi rumfa rumfa, har na samu irin akwatinku sak a ƙarƙashin tulin rediyoyi. Mai rumfar ya tambaye ni ko gidan tarihi zan buɗe. Yanzu yana kan teburina, kowa ya wuce sai ya shafa shi.

Na sake matse wasan da tsohon salo wanda akwatin ya sani, amma da sabon zubinmu, don yana da wani abu da nake alfahari da shi: yana wanke hoto da kansa. Duk ɗigo-ɗigo da rawar haske irin ta tsohon kaset ya share su. Na soka a akwatina, ya fito. Na yi ihu har Kang Dadang, shugaban sashenmu, ya leƙo. Na kalli farko, na tsallaka tsakiya, na duba ƙarshe, ko'ina fes, kamar jiya aka ɗauka. Ki gaya wa Gunarto ya zo da tabarau.

Kinanti

Watugilang, farkon Yuni

Nduk,

Muna lafiya. A tsaye nake rubutu, Wagiman yana ta hon.

Ya fito, har an tafa. Amma da aka yi nisa sai ƙwanƙwasar da Pakdenki yake yi wa akwatin 'yan wasa ta riƙa zuwa bayan an gama sara a yaƙi. Kuma inuwar ta mutu. Wannan ba mijina ba ne. Ki dawo mana da kaset ɗin.

Budenki

Watugilang, bayan tsakiyar Yuni

Kinanti,

Ina gaishe ki, in har kina amsa gaisuwa. Mu dai da sauƙi. Pakdenki ya fara riƙe cokali da hagu, yana zubar da rabi.

Kaset sun dawo, an naɗe su tsaf, an wanke zanena har da guga, babu ko layi ɗaya a ciki. Na zazzage zanen sau biyu. Na jira bas na gaba, shiru. Na jira na bayansa. Wagiman ya ce kin miƙa masa ƙullin kin juya, ko tambayar mu ba ki yi ba. Halin kakarki ke nan, ita ma in ta yi fushi sai ta yi wa mutum wanki.

Ke yarinya, korar ki na yi? Pakdenki ne ya buɗe akwatin 'yan wasansa ya ga babu kaset, ya hana ni sakat. Mutumin da ya ce ba zai kalla ba, shi ne ba ya barci in ba sa kusa da shi. Shi ya sa na ce ki dawo da su. Sauran maganar kuwa na rubuta ta a gurguje, na san ta fito da kaushi. Zauna ki ji.

A bikin wanke gari Pakdenki bai taɓa yarda da lantarki ba. Fitilar man kwakwa ake rataya masa a saman kai, irin ta kakansa. Harshen wutar nan ba ya tsayawa. Yana lanƙwasa, yana miƙewa, iska ta taɓa shi ya yi ƙasa. Saboda haka ko an kafa ɗan wasa a kututturen ayaba an bar shi, inuwarsa tana motsi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Numfashi yake yi. Kafin in fara waƙa a bayan makaɗa, ina budurwa, a ɓangaren inuwa nake zama da mata, kuma wannan numfashin na fara so kafin in san fuskar mai shi. A naki na biyu haske ya tsaya cak kamar na asibiti. 'Yan wasan sun zama fata kawai. Mutane sun tafa don hoto ya fito, amma ban da tsofaffin da ke zauren, tsohuwa Mbah Ngatemi ma ta tashi ta fita.

Ita kuma ƙwanƙwasar, kin san da ita dalang yake ba makaɗa umarni, kuma ita ke faɗuwa daidai da sara in ana yaƙi. Da farko daidai take. Can gaba sai a sari mutum ya faɗi, ya kusa ruɓewa, sannan a ji ƙwas. Gunarto ya ce tsufa ne ya kama Pakde har a cikin bidiyo.

Zaman kwamiti ya matso. Ban san ko abin da na faɗa yana gyaruwa ba, ke kika sani. In ba ya gyaruwa ki faɗa mini, in fara shirya zuciyar tsohon nan. Amma kada ki sake aiko mini zane babu wasiƙa.

Budenki, wadda ba ta kore ki ba

Bandung, 'yan kwanaki bayan wasiƙarki ta iso

Bude,

Ki yafe mini. Ina lafiya, a gaida Pakde da cokalinsa. Na karanta "ba mijina ba ne" na ɗauka kin ce na ɓata muku shi, in cire hannuna. Na yi kuka a banɗakin ofis, sannan na yi guga.

Yana gyaruwa, Bude. Ɗanyen hoton da aka zuba daga kaset yana nan a kwamfutata, ban taɓa shi ba. Na buɗe shi gefe da gefe da wanda na aiko miki, sai ga shi ƙuru-ƙuru: a ɗanyen suna numfashi, a nawa sun sandare. Sabon zubinmu an koya masa cewa duk hasken da ke rawa lahani ne, ya danne shi. Ya ga fitilar Pakde ya ɗauka kaset ne ya tsufa. Na kira Kang Dadang ya zo ya gani, ya ce in rubuta rahoto, don duk mai bidiyon kyandir ko wutar murhu haka za mu yi masa. Kin gano mana aibi daga Watugilang, ofis gaba ɗaya suna gaishe ki.

Ƙwanƙwasar ma na gano ta. A duk inda aka sauya kaset akwai ɗan gurbi. Sabon zubin yana zubar da 'yan hotuna a wurin, ya bar sauti yadda yake, sai tazarar ta riƙa taruwa. Ni da tsallake-tsallake na duba, ban zauna na bi wasan ba, shi ya sa ban ji ba.

Na ajiye sabon zubi gefe. Na koma kan wani tsoho da ya shekara da shekaru a hannun jama'a, wanda aka gama sanin halinsa, ba ya wayo, abin da aka ba shi shi yake mayarwa. Na kashe wankin hoto gaba ɗaya. Na raba wasan gida uku daidai inda kiɗa yake sauya salo, don a sauya filashi lokacin da mutane suke miƙe ƙafa. Ya yi nauyi, filashi uku ya ci, na ɗaura musu zare: fari, ja, baƙi, a bi su haka. Na kuma juya hoton, saboda ina so a ajiye majigin a bayan ƙyalle, a mazaunin Pakde, jama'a su kalla ta ɓangaren inuwa. Haka jarumai za su fito ta hannun da suka saba fitowa.

Wannan karon na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe a kan akwatina na kasuwa, ranar Lahadi, ban tsallake komai ba. Kang Dadang ya zo da matarsa da gasasshiyar masara wai za su ɗan leƙa, ba su tafi ba sai da aka kafa ɗan wasa na ƙarshe, alhali rabin Jawancin ba sa ji. Akwatin ya yi zafi amma bai tsaya ba. Ku dai ɗora shi a kan bulo biyu ya sha iska.

Ɗigo-ɗigon kaset sun dawo, kada Pak Lurah ya ce na yi lalaci. Ba zan samu zuwa ba, makon bikin ne muke sakin sabon zubi, kuma yanzu da rahotona a ciki ba mai bari in motsa. Raina yana can. Ki rubuto mini komai, har abin da Gunarto ya ce.

Taki, mai guga,
Kinanti

Watugilang, washegarin biki

Kinanti, Nduk,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai gajiya. Muryata ta dushe, ƙafata ta kumbura, ban damu ba. Ban kwanta ba tukuna, na ce sai na rubuta miki tun abin yana da zafi.

Zaman kwamiti sai da aka kai ruwa rana. Aka haska fari, aka tsallaka cikin baƙi wurin babban yaƙi, ƙwanƙwasa tana faɗuwa a kan sara kamar an auna. Gunarto ya ce hoton ya fi na baya datti. Mbah Ngatemi, da ba 'yar kwamiti ba ce, ta leƙo ta taga ta ce masa shi ma ya fi kyau da yana jariri amma haka ake haƙuri da shi. Pak Lurah ya yanke cewa daren biki na Pakde ne, ɗan Solo ya zo daren Asabar mai zuwa ya yi wa matasa nasu. Baɗi kuma sai abin da Allah ya yi. Ban roƙi baɗi ba.

Jiya da la'asar aka kafa ƙyalle a gindin bishiyar rijiyar gari. Aka jera 'yan wasan Pakdenki dama da hagu a kututturen ayaba kamar kullum, aka ajiye shinkafar sadaka da furanni, aka ɗora majigi a kan tabarmarsa, akwatin a kan bulo biyu. Gunarto da kansa ya zauna gadin filashi, ya ce in abu ya lalace kada a ce shi ne. Makaɗan da suka rage da rai suka zo suka zauna a wurarensu, hannu a cinya.

Pakdenki ya ce ba ya zuwa. Na ciro masa rigarsa da hularsa na wasa na ajiye a bakin gado, na yi tafiyata kicin. Da na dawo na same shi yana kokawa da maɓalli da hannu ɗaya. Maza suka ɗauko shi a kujera bayan isha'i. Suka nufi bayan ƙyalle da shi, ya ga majigi a kan tabarmarsa, ya ce wuri ya cika, a kai shi inda matarsa take. Haka aka sauke shi kusa da ni a cikin mata, suna ta tsokanarsa wai sabuwar amarya ta zo.

Aka danna. Ƙyalle ya yi haske ja-ja, yana rawa. Da muryarsa ta buɗe wasa, filin nan ya yi tsit, masu sayar da gyaɗa ma suka daina kira. Na ji muryata ta da, na rufe fuska. Fari ya ƙare aka sa ja, ja ya ƙare aka sa baƙi, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Yara suka yi barci a cinyar iyayensu suka farka wurin barkwanci, mutane suna dariyar zolayar da aka yi wa waɗanda yanzu suna kabari, 'ya'yansu ne suka fi kowa dariya.

Shi kuwa Pakdenki ya ƙura wa ƙyalle ido. Shayin da na zuba masa ya huce. Ina satar kallonsa, ina tsoron ko baƙin ciki ne, har na fara cewa a raina da ban kawo shi ba. Sai da aka zo wurin da uwa take sallamar ɗanta zai tafi yaƙi, inuwa biyu a tsaye ba mai motsa su, fitila kaɗai ke aiki, na ji ya kamo hannuna da hagunsa.

Ya ce: "Tar, abin da kuke gani ke nan?"

Na ce masa eh. Sai a lokacin na tuna. Tun yana yaro yana bayan mahaifinsa yana miƙa 'yan wasa, daga nan ya gaji wurin. Ya ga na wasu ta gaba, amma nasa bai taɓa gani ba sai ta baya, fata da sanda da gumi.

Ya ci gaba da kallo, hawaye yana bin ɓarin fuskar da ya shanye, bai share ba. Da gari ya fara wayewa aka kafa ɗan wasa na ƙarshe a tsakiya, jama'a suka juyo gaba ɗaya suna kallonsa a cikin mata. Pak Lurah ya durƙuso ya tambaye shi yaya ya ga wasan. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, kowa yana jira.

Ya ce, kamar ba wasansa ba: "Yaron nan yana da gaggawa a yaƙi. Amma ya iya."

Da muka dawo gida ya ce in zubo masa shinkafa, ya cinye, ya ce in ƙara. Yanzu yana barci. Ya ce in gaya miki ki zo da hutu ki zauna kusa da shi ku sake kallo tun daga fari, wai akwai wuraren da hawaye ya hana shi gani.

Budenki,
Tarwiyah